Wace kalma za mu sa wa "cast" a rumbun bayanai?

1/ 'Yan uwa masu rubuta manhaja, ina so mu tsayar da kalma guda ta abin da ake kira "cast" ko "conversion", wato mayar da bayani daga wani nau'i zuwa wani, kamar rubutu ya koma lamba. Wasu sun kawo "zubi", saboda "cast" a Turanci tana kuma nufin zubin ƙarfe. Ban gamsu da ita ba, domin maƙeri idan ya narka sanholo ya zuba, komai munin aikin wani abu zai fito, alhali rubutu irin "babu" ba zai taɓa zama lamba ba. Muna bukatar kalmar da za a iya cewa ta ƙi, shi ya sa na zaɓi "sauyin nau'i".

2/ Sai dai dole a raba shi biyu: "sauyin fili", wanda mutum ya rubuta umarnin CAST da hannunsa, da "sauyin ɓoye", wanda rumbun yake yi da kansa. Na biyun ne yake ba mu wahala a tambayoyin da manhajoji irin su Hibernate ko Entity Framework suke haɗawa su aika wa rumbun a madadinmu, tunda galibi ba ma ganinsu sai matsala ta taso.

3/ Ga yadda manhajojin rumbun bayanai daban-daban suke yi: idan aka kwatanta gurbin rubutu (wato "column" mai ɗauke da rubutu) da lamba, SQL Server yakan yi ƙoƙarin mayar da abin da ke gurbin zuwa lamba, kuma layi ɗaya mai ɗauke da "babu" ya isa ya rushe tambayar da kuskure na 245. A Oracle kuwa ORA-01722 ne. MySQL ya fi ban tsoro, domin yakan ɗauki "12abc" a matsayin 12, "babu" kuma sifili, ya yi gargaɗi kawai ya wuce. Haka lambar waya mai farawa da 0803 take rasa sifilinta ba tare da ƙorafi ba. PostgreSQL ya cire da yawa daga irin wannan sauyi tun a sigar 8.3, cikin 2008, kuma ina ganin ya yi daidai.

4/ TRY_CAST, wanda ya shigo SQL Server 2012, ina kiransa "sauyin gwaji", domin idan ya ƙi NULL (alamar cewa babu bayani) yake bayarwa maimakon kuskure. Duk wanda ya yi amfani da shi ya ƙidaya layukan da suka koma NULL ya gyara su. Malamanmu na Hausa, "sauyi" ne ya fi dacewa a nan ko "juyi"?