Neman kalma: me za mu kira lambar abokin ciniki da ke cikin wayarmu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu saye da sayarwa ta waya, na Garwa da Marwa da Ngaundere, har Kusuri da tsallaken gada a Injamena. Kalma nake nema, kuma abin da ya faru a gidanmu ne ya sa ni nemanta.

Yayata tana sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. In an turo mata kuɗi, sai ta ɗauki hoton saƙon ta ɗora a sitatus, ta rubuta "mun gode Hajiya", don jama'a su ga ciniki na tafiya. Kowa haka yake yi. To a hoton nan akwai cikakken sunan matar, da lambarta, da sefa nawa ta biya, da ƙarfe nawa. Bayan kwana biyu wani ya kira Hajiyar, ya faɗi sunanta da kuɗin daidai, ya ce shi yaron Yaya ne, an yi kuskure a lissafi, ta karanto masa lambobin da za su shigo wayarta a gyara. Allah ya tsare, ta katse ta kira Yaya. Da na zauna zan nuna wa Yaya inda ɓarakar take, sai na ji bakina yana cewa "données personnelles", wato yadda ake kiran sunan mutum da lambarsa da makamantansu da Faransanci. Ta dube ni ta ce, "Ƙanina, faɗa mini da Hausa." Na rasa abin cewa.

"Data" ita na fara ajiyewa gefe. A bakin 'yan'uwanmu na Mubi da Yola, data ita ce abin da ake saya a hau intanet, wato mega a wurinmu. Ka ce wa 'yar kasuwa ta kare data, za ta ɗauka kada megarta ta ƙare kake nufi.

Sai "bayanan sirri", wadda aka fi ji a rediyo. Ita ce na fi daɗewa a kanta, kuma ban gamsu ba. Da farko dai da ita ake kiran aikin jami'an leƙen asiri, sai mai sauraro ya zaci maganar gwamnati ce, ba ta mai shago ba. Amma babban aibinta shi ne lambar Hajiya ba sirri ba ce. Maƙwabta suna da ita, mai babur da ke kai mata kaya yana da ita. Da na gwada kalmar a kan Yaya, nan take ta ce, "Ai ba asirinta na tona ba." Kuma in da wannan kalmar za a yi mata hukunci, ta yi gaskiya. Cutar ta zo ne daga haɗuwar suna da lamba da kuɗi da lokaci a hoto guda, a gaban mutane ɗaruruwa. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, haɗe kuwa sun zama makullin ɗan damfara. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai da ta fara aiki 25 ga Mayu 2018 ma ba ta gindaya sirri a matsayin sharaɗi ba. Abin da ta ce shi ne duk bayanin da ya shafi mutumin da aka gane ko ake iya ganewa.

Kada a ce wannan zancen Turai ne. Cadi ta yi dokarta tun 2015, Najeriya a 2023, Kamaru kuma ta yi doka mai lamba 2024/017 ranar 23 ga Disamba 2024. Dokokin sun zo da Faransanci da Turanci, alhali masu riƙe da lambobin mutane a aljihu suna kasuwa, suna ciniki da Hausa da Fillanci da Larabcin Shuwa.

"Bayanan mutum" ta yi daidai da ma'anar doka, na karɓe ta. "Keɓaɓɓun bayanai" kuwa ta yi nauyi a baki, ba mai faɗinta a rumfa.

Ga tawa shawarar. Bayanin abokin ciniki da ya shigo hannunka saboda ciniki, mu kira shi bayanan amana. Kula da shi kuma, riƙon amanar bayanai.

Dalilina shi ne duk ɗan kasuwa ya san ajiya. Mutum ya bar buhu a rumfarka ya tafi masallaci ko ya yi tafiya Yagwa. Ba ka kwance shi, ba ka ara wa wani, ba ka bar shi a bakin hanya, ranar da ya dawo ya ce a ba shi kayansa kuma ba ka tsaya gardama. Yanzu sa lambar waya a madadin buhun. An ba ka ita don ka kai kaya, ba don ka jefa mai ita cikin zauren talla ba, inda kowa ke ganin lambar kowa. Hoton katin shaida da ka karɓa kafin ka ba da bashi, in an biya sai ka goge. Wanda ya ce ka cire shi, ka cire shi. Kalmar ta ɗauko dokokinta da kanta, ba sai an karanta wa kowa sashe kaza ba. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i umarni ce a mayar da amana ga masu ita, kuma ba sai Musulmi ba, duk mai zama a kasuwa ya san nauyinta. Bafillace ya san amana, Balaraben Kusuri ya santa, ba ta bukatar tafinta a yankinmu.

Wani malamin makaranta daga Marwa da ya ji wannan shawara ya yi mini gyara. Ya ce amana abin da aka miƙa maka ce, to ina bayanan da ake kwasa ba da sanin mai su ba? Ya kawo badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018, inda aka kwashi bayanan masu Facebook da yawansu ya kai miliyan 87. Malam, ka yi gaskiya. Shi ya sa na bar kalmomin biyu: bayanan mutum ga ma'anar gaba ɗaya, bayanan amana ga abin da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Wata Hajiya daga Kusuri kuma ta ce kada a kira abin da Yaya ta yi cin amana, tun da ba da mugun nufi ta yi ba. Na yarda, Hajiya. Nata sakaci da amana ne. Cin amana sai wanda ya sayar da lambobin mutane ko ya ba wa mai talla. In waya ce aka sace ko aka yi wa shafi kutse, sai mu ce bayanai sun yi yoyo.

Yaya dai ta goge tsofaffin hotunan, yanzu tana rufe suna da lamba kafin ta ɗora. Saura kalma ɗaya, "consentement": yarda ko izini? Ni izini na zaɓa, domin a wurinmu mai kunya kan yi shiru a ce ya yarda, izini kuwa sai an buɗe baki an nema. Masu fassara labarai a gidajen rediyon Garwa da Marwa, ina jiran ta bakinku.