Wai sunan Tanko maguzanci ne?

Baban Hanifa: Jama'a ku taya ni ji. 'Ya'ya mata uku Allah ya ba ni a jere, sai wannan karon aka samu namiji. Na yanka rago, liman ya raɗa masa Usman, sunan marigayi mahaifina, muka ce a riƙa kiransa Khalifa. Hajiya mahaifiyata na zuwa ta karɓe shi ta ce Tanko ya iso. Yau wata biyu, har mai garuwanmu Tanko yake cewa. A wannan zamanin a liƙa wa yaro sunan maguzanci?

Ɗan Zazzau: Janye kalmar nan, malam. Kakana Tanko ne, kuma har ya rasu shi ke jan salla a unguwarmu.

Maman Ilham: Ma'anarsa fa namijin da aka haifa bayan mata, shi ke nan. Macen da ta biyo maza Kande ce, wanda ya biyo tagwaye Gambo. Ina gunki a nan? Hajiya ba za ta kama sunan mijinta ba, Khalifan naku kuma bai zauna a bakinta ba.

Ustaz: Gaskiya ɗaya ce. Irin waɗannan sunaye ba daga littafi suka fito ba, gadon kafin Musulunci ne.

Ɗan Zazzau: Tuwo ma ba daga littafi ya fito ba, Allah gafarta Malam. Ka daina ci mu gani.

Lauya: Ustaz, lakabi daban, sunan yanka daban. Ibrahim Tanko Muhammad ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2019 zuwa 2022. Ga Tanko Yakasai tun zamanin jam'iyyar NEPU. Ga Umaru Tanko Al-Makura, gwamnan Nasarawa daga 2011 zuwa 2019. Duk Maguzawa ne?

Ustaz: Ka kawo mini hujja da hannunka. Al-Makura Gwandara ne. Ba su ne aka ce sun bar Kano suna cewa gwanda rawa da salla ba?

Ɗan Lafiya: A'a Ustaz, tsaya nan! Labarin kaka da kakanni za ka ɗauko ka jefi mutanen da masallatansu ke cika yau? Me ya kawo mu cikin rigimar sunan jariri?

Bakano: Ka lura dai daga Kano aka ce sun fito. Komai daga Kano yake, har Tankon ma.

Ɗan Zazzau: Ga shi nan ya iso. Wa ya tambaye ka? Kawo shaida.

Bakano: Shaidata Yakasai. Unguwa ce a cikin birni, je ka tambaya.

Maman Ilham: Ku Maguzawan ma da kuke ta zagi, Hausawa ne fa, manoma, suna nan a ƙasar Kano da Katsina. Yaushe sunansu ya zama ashar?

Ustaz: Ni ban zagi kowa ba.

Ɗan Lafiya: Ka zaga. Haura sama ka karanta.

Baban Hanifa: Don Allah ni yadda zan yi da Hajiya nake tambaya.

Bakano: Ɗan Zazzau, har yanzu ina jiranka.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da aka cimma: kowa ya amince Tanko suna ne mai asali, na manyan mutane, kuma ya fi su Khalifa da Amir da suka cika kowane layi, ka kira ɗaya biyar su waiwayo. Ustaz bai kawo aya ko hadisi ba, don haka maganarsa ta faɗi. Baban Hanifa ya je ya ba Hajiya haƙuri. Batun Gwandara kuma kada a sake tayar da shi.

Ustaz: Yaushe kowa ya amince? Ni ban amince ba.

Baban Hanifa: Shugaba, ba kai ba ne ranar bikin ƙanwarka na ji yayyenka mata suna kiranka Tanko?