Yaya ake jera zane a gidan baje kolin fasaha?

Ɗan Ƙofar Sauri: Jama'a, sallama. Na shiga wani gidan baje kolin zanen zamani a Abuja. Bango fari tas, zane ɗaya tal a kowane ɓangare, fitila na haska shi daga sama. Abin ya burge ni, amma bayanin da ke gefe ƙanana ne, sai da na kusa manna hanci da bango kafin na karanta, kuma Turanci zalla. Muna shirin baje ayyukan matasa a nan Katsina, mu bi wannan tsarin?

'Yar Daura: Yayana, tazarar nan da gangan ake barinta don ido ya huta. Ku rataya tsakiyar zane daidai idon mai tsaye, kada rana ta buge shi, launi zai koɗe. Bayani kuwa a yi da Hausa, manyan baƙaƙe.

Malam Na Rafindadi: Farin bango a ƙurar hunturu? Hmm. Ɗana, in ka je Legas ka leƙa gidan baje kolin fasaha na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 a Jami'ar Pan-Atlantic. Ku kuma tanadi benci, dattawa ba sa jure tsayuwa.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na gode, Baba. Bencin bai zo mini a rai ba ko kaɗan.