Alƙalami a Cikin Kulle

Malam Garba, Ƙofar Soro, Katsina

Salamu alaikum. Ga tambaya a baiti, a amsa a baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Marubuta ku matso mu yi tattaunawa,
Mai ƙagaggen labari in zai yi ginawa,
Ta ina zai kama zamanin korona?

Afrilun 2020 aka kulle Daura,
Ba shiga, ba fita, balle ƙaura,
Azumi ya shigo, a rumbu ba saura,
Yaya za a zuba wannan a magana?

Hajiya Rabi, Daura

Malam, farkon aiki shi ne jadawali,
Kafin babi, a zana shi da hankali,
Wata bisa wata, kamar jerin tubali,
Don kada Sallah ta riga azumi da kwana.

27 ga Fabrairu cutar ta sauka Legas,
Makarantu aka rufe su a watan Maris,
Hajjin shekarar nan, ko yamma ko gabas,
Ba jirgin alhazai da ya tashi a Katsina.

Allurar rigakafi ba ta zo ba sai Maris 2021,
Mai sa ta a kullen farko ya yi ƙarya,
Masu karatu sun shaida, sun san gaskiya,
Kuskure ɗaya, su ajiye littafin su raina.

A rubuta wannan ma a gefen takarda: azumi ya kama 24 ga Afrilu, ƙaramar Sallah 24 ga Mayu.

Aminu, Rafindadi, Katsina

Kwanan wata ƙashi ne, Hajiya, saura nama:
Tela ya ture ɗinkin Sallar da ya soma,
Takunkumi ninki biyu da igiyar roba ya kama,
Guntun atamfa ya zama abincin rana.

Bokiti mai famfo a ƙofar shago,
Ɗaurin aure ba taro, daga waliyyi sai ango,
Gaisuwar mutuwa ta waya, an jingina da bango,
A rage wa'azi, waɗannan za a nuna.

Mai cewa ciwon manya ne, na can nesa,
Kada marubuci ya mai da shi abin wasa,
Ɗan acaɓa ne, yunwa ke magana da bakinsa,
A ba shi hujjarsa, a raɗa masa suna.

Malama Zainab, Ƙofar Marusa, Katsina

Ƙanena ya yi kyau. Ni kan aikin hannu zan tsaya,
Tunda yawancin rubutun nan a kan waya,
Kalma 500 bayan Asuba, ba fashin rana ɗaya,
A wata biyu 30,000 sun zauna.

A tara babi 10 kafin a saki na fari,
Wuta na ɗaukewa, data na ƙarewa da sauri,
Mai sakin babi kullum ba tanadi, ba tsari,
Ran da ya kwanta, masu jira su ce ya ci amana.

Kada WhatsApp ya zama shi ne rumbu,
Waya ta faɗa ruwa, babi 20 babu,
A tura wa kai imel, a sa a memori, kwafi biyu,
Kowane fayil da lambarsa don a tuna.

Ƙugiyar harafi kada a yi mata rowa,
Kafa daban, ƙafa daban, ba sa haɗuwa,
Gboard, madannin waya, na da Hausa, sai dai a yi saitawa,
A kashe gyaran Turanci, shi ke ɓata ma'ana.

Wannan na ƙarshen yana ci mini rai ƙwarai. Labari mai kyau, amma ɗaki ya koma daki daga shafin farko har na ƙarshe.

Malam Garba

Madalla 'yata. Saura babin asibiti,
Killacewa kwana 14 ce, kada a ce sati,
Gwaji ta hanci, sakamako ba ya fita a minti,
Tari, zazzaɓi, ba jin ƙamshi, numfashi na fitina.

In an ari labarin wani, a sauya unguwa,
A sauya sana'a, don a gari an san kowa,
Gidan da aka yi rashi bai gama share hawaye ba tukuna, kowa,
Kada babi ya tono masu tsohon ƙuna.

Aminu

Baba, layinka na uku ya zarce awo, kuma "kowa" ta dawo sau biyu. Ga gyara, in ka yarda: "Gidan da aka yi rashi bai gama jin mutuwa."

Malam Garba

Na karɓa, ɗana. A sa naka.

Hajiya Rabi

Malam, saura tarkon babin ƙarshe,
An buɗe gari, sai a ce sama ta washe,
Alhali jarin mai ƙosai tuni an kashe,
Bashin gero na jiran amfanin gona.

Almajirin da aka mayar garinsu a mota,
Allonsa na zaure, ba wanda ya karanta,
Yarinyar da ta yi watanni ba makaranta,
Aminu, kai da Zainab, wa zai ɗauki babinsu bana?