Mantuwa ta yi wa Hajiyarmu yawa, ko mu ba ta garin ruwan jinin dabba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Hajiyarmu ta haura saba'in. Sai ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, wani lokacin har sunan jikokinta yakan ɓace mata. Yayana da ke Turai yana so ya aiko da wani gari da ake yi da ruwan jinin dabbobi, wai bincike ya nuna yana rage gigin tsufa. Don Allah wa ya san gaskiyar abin?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. An yi binciken, amma a kan ɓeraye. A Jami'ar Barcelona da ke Sifen an cakuɗa busasshen ruwan jinin alade cikin abincin wasu ɓeraye masu saurin tsufa, sai aka ga kumburin ƙwaƙwalwarsu ya ragu, kuma sun fi waɗanda ba a ba su ba tuna abu. Dama can garin nan 'ya'yan alade ake ba wa bayan yaye, don ya kare musu hanji. Ba a tabbatar yana warkar da mantuwar mutum ba.

Wani mai harhaɗa magunguna: Ƙanwata, ko ruwan jinin mutum ma bai tsallake ba tukuna. A 2014 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun yi wa tsofaffin ɓeraye allurar ruwan jinin matasan ɓeraye, ƙwaƙwalwarsu ta inganta. Da aka gwada na matasan mutane a kan mutum 18 masu cutar mantuwa ta Alzheimer, babban abin da aka duba shi ne ko zai cutar da su. Har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a 2019, saboda ana karɓar dubban daloli wajen tsofaffi da sunan wannan magani. Abin yana ɓata mini rai, domin tsoron iyali ake ci.

Wani ɗalibin ilimi: Ku karanta jikin kwalbar sosai, wasu na alade ne, wasu na saniya. Jini da naman alade duk suna cikin aya ta 145 a Suratul An'am. Ku tuntuɓi malami kafin ta sa shi a baki.

Wata uwa: 'Yata, haka na yi jinyar mahaifina. Kuɗin garin nan ku kai ta asibiti da shi, a auna hawan jini da suga, a duba bitamin B12 da thyroid, wato ƙwayar da ke wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, a gwada jinta. Ƙarancin B12 yana kawo mantuwa kuma ana maganinsa. In ta maimaita tambaya kada ku yi mata tsawa, ku sake amsa mata kawai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Mama. Na gaya wa Yaya ya dakata. Ranar Litinin in Allah ya yarda za mu kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa.