Kwale-kwalena mai tuƙa kansa yana tafiyar maciji

Mai_Kwalekwale: Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ina haɗa ƙaramin kwale-kwale mai tsawon mita ɗaya, da injin lantarki biyu a baya, na ɗora masa Pixhawk, wato ƙaramar na'urar da ke tuƙa shi, da manhajar ArduPilot da ke aiki a cikinta. Idan ina sarrafa shi da rimot yana miƙewa sarai, amma da zarar na zana masa hanya a manhajar kwamfuta ta Mission Planner na sake shi, sai ya kama tafiyar maciji, wani lokaci ma ya yi ta kewaya wurin da na aike shi bai tsaya ba. Abin yana tsananta idan ya ƙara gudu. Ina matsalar take?

Injiniya_Tabki: Wa alaikumus salam. Tun da ka ce abin yana ƙaruwa da gudu, kamfas nake zargi. Wayoyin da ke kai wuta daga batir zuwa injin suna haifar da ƙarfin maganaɗisu daidai da yawan wutar da ke bi ta cikinsu, don haka duk lokacin da injin ya ja wuta, sai arewa ta gusa a lissafin na'urar. Ka ɗaure kwale-kwalen a bakin ruwa, ka ba injin wuta a hankali kana duban allon kwamfuta. In alkiblar ta motsa alhali jirgin yana nan daram, ka kama ɓarawonka. Ka ɗaga na'urar GPS mai kamfas a kan sanda, ka murɗe wayoyin batir biyu wuri guda kamar igiya, sannan ka sake saita kamfas ɗin nesa da ƙarafa.

Sola_da_Ruwa: Kewayen kuwa wataƙila dalilinsa daban ne. GPS na gama-gari yakan yi kuskuren mita biyu zuwa uku, kuma jirgi ba ya cin burki kamar mota, saboda haka ka faɗaɗa da'irar da manhajar ke ɗauka a matsayin isowa.

Mai_Kwalekwale: Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin ɗaurewar, alkiblar ta kauce sosai, kuma da na ɗaga kamfas ɗin ya bi layinsa ya dawo sau uku ba tangarɗa. A karo na huɗu ciyawa ta nannaɗe farfelar hagu, sai da na shiga ruwa har ƙirji na ɗauko shi, na kuma tarar da ruwa ya taru a ƙarƙashin batir.

Injiniya_Tabki: Ba kai kaɗai ba ne, ɗan'uwa. SeaCharger, kwale-kwale mai tuƙa kansa wanda wani mai sha'awa ya haɗa, ya tafi da hasken rana daga Kalifoniya har Hawayi a 2016, amma a hanyarsa ta zuwa New Zealand abin juya akalarsa ya lalace. Ka fara duba inda sandar farfela ta huda jikin jirgin, ka cika bututun da sandar ke bi ta ciki da giris don hana ruwa shiga, ka kuma ɗaga batir ɗin daga ƙasa kafin ka sake fita.