Yaran da ke tsallaka Illela

Ɗan Mabera: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Jiya ma wasu samari na unguwarmu sun bi ta Illela sun shiga Ƙonni, wai Agadas za su, daga can Libiya. Uwar ɗayansu tun asuba take kuka. Kwaɗayi ne kawai. Yaro ya ga abokinsa ya turo hoto da sabuwar waya, sai ya sayar da babur ɗin ubansa ya bi.

Bagobiri: Malam, janye wagga kalma. Mutanen Sabon Birni da Isa da sunka kwashi ɗiyansu sunka shige jihar Maradi tun 2019, su ma kwaɗayi ya kai su? 'Yan bindiga sunka hana su noma, sunka aza musu haraji. Kai kana Mabera kana kwana ƙarƙashin fanka.

Ɗan Mabera: Masu Libiya nake nufi.

Bagobiri: Kwaɗayi ka ce, ba ka ware kowa ba.

Anti Malama: Ƙannena, ku saurara. Doka ma ta raba su. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta kare wanda ake tsangwama, ta ƙasashen Afirka ta 1969 kuma ta haɗa da wanda rikici ya tarwatsa garinsu. Mai neman aiki a Sabha ta Libiya ba ya ciki, shi ya sa in ya kai Italiya mafaka take yi masa wuya.

Bagobiri: To Anti, yunwa ba rikici ba ce?

Direban Illela: Ku da kuke cewa kwaɗayi, kakanninmu da ke tafiya ci-rani kwaɗayayyu ne? Iyakar ma Turawan Ingila da Faransa sunka ja ta. Tsibiri ta Nijar da Sabon Birni ta Najeriya ai Gobir guda ce. A 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure don Turai ta matsa, anka kama direbobi a Agadas, anka ƙwace motoci. Tafiya ta tsaya? Sai dai anka koma hanyoyin da babu rijiya, mutane na mutuwa da ƙishirwa. Janar Tiani da ya karɓi mulkin Nijar ya soke dokar a Nuwamba 2023.

Na Tangaza: Tiani namiji ne wallahi!

Ɗan Mabera: Namiji da ya buɗe wa yaranmu hanyar halaka? Soja ne da ya ƙwace mulki, kada ka mayar da shi waliyyi.

Na Tangaza: Naku fa? Bayan juyin mulkin Yuli 2023 wa ya ja ECOWAS aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta? Manyan motoci sun yi layi a Illela, kaya na ruɓewa. Ga cire tallafin mai. Yaron da sana'arsa ta mutu ina kake so ya je?

Ɗan Mabera: Da Buhari ya rufe iyakar a Agusta 2019 ban ji bakinka ba. Lokacin kana ɗaga tsintsiya.

Na Tangaza: Ni ban taɓa yin APC ba. Kawo shaida.

Ɗan Mabera: Kowa ya ga hularka.

Anti Malama: Wai ina zancen uwar da ke kuka?

Admin: Jama'a a yi haƙuri, lokacin salla ya yi. A taƙaice dai mun fahimci cewa Turawa ne ummul-haba'isin matsalar: su sunka raba Gobir, su sunka rusa Libiya a 2011 makamai sunka bazu, kuma su ke rufe ƙofa. Kalmar kwaɗayi ba ta dace ba, kuma mai ita ya janye. Na rufe zancen.

Ɗan Mabera: Yaushe na janye? Admin, kai ma Bagobiri ne, shi ya sa.